Kafin Ka Sayi Kwamfutar Miliyoyi A Gusau, Fara Duba Akwatin Wutarta

A duk cikin kayayyakin da ake harhaɗawa kafin a tayar da kwamfuta mai ƙarfi, irin wadda matasanmu ke buga wasanni da ita, babu wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi kamar ɗan akwatin ƙarfen nan da ke ɓoye a ƙasan gidan kwamfutar, wanda masu gyara ke kira fawa-fak. Shi ne ke karɓar wutar bango mai ƙarfin bolt 230, ya sarrafa ta ta koma miƙaƙƙiyar wuta ta bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3, sa'annan ya rarraba wa sauran sassa gwargwadon bukatar kowanne. Mai saye kan kwashe makonni yana bincike a kan katin hoto da furosesa, ya san sunan kowanne da shekarar da aka fito da shi, amma da zarar an zo kan fawa-fak sai ka ji ya ce wa mai shago: "Alhaji, sa mini ko wanne ne, in dai zai tayar."

Na san wani mai karatu zai ce, a jihar da ke fama da matsalolin da suka fi wannan nauyi, ina ruwan shafin ra'ayi da abin wasan yara? Amsata ita ce, kwamfutar da yaro ke buga gem da ita, ita ce dai wadda mai zanen gine-gine da injiniya da mai tace fim ke neman abinci da ita, kuma irinta ɗalibin kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Gusau ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda ke mafarkin mallaka. Sa'annan kuɗin ba na wasa ba ne. Kamfanin Nvidia ya fito da katin hoto samfurin RTX 4090 a watan Oktoban 2022 a kan dala 1,599, ya kuma fito da RTX 5090 a Janairun 2025 a kan dala 1,999. Dalar da ake canjawa a hukumance a kan kimanin naira 460 kafin watan Yunin 2023, ta haura naira 1,500 a cikin 2024. A wancan farashi, kati ɗaya tak ya tasar wa naira miliyan 3, tun kafin a sa kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa. Kuma sau da yawa daga aljihun iyaye da yayye kuɗin ke fitowa, wato masu karanta wannan shafi.

Matsalar ita ce, kusan duk shawarwarin da matasanmu ke karantawa a intanet, an rubuta su ne domin mutanen da wutarsu ba ta ƙiftawa. Tambayar mutumin Jamus ko Amurka guda ɗaya ce: wat nawa zan saya? Mu kuwa a Tudun Wada, wannan tambaya ita ce ta uku ko ta huɗu. Ta farko ita ce: wace irin wuta ce ke fitowa daga bangon ɗakina?

Sanin kowa ne cewa an sauya wa hukumar wuta suna daga NEPA zuwa PHCN a 2005, aka kuma fara miƙa kamfanonin rarrabawa ga 'yan kasuwa a 2013, inda Zamfara ta faɗa ƙarƙashin kamfanin Kaduna tare da Sakkwato da Kebbi. Sunaye sun sauya, amma nisa bai sauya ba. Wutar Gusau tana zuwa ne ta dogon layi mai ƙarfin bolt dubu 132 da ya biyo ta Zariya da Funtuwa, kuma a ilimin lantarki, gwargwadon tsawon waya da yawan masu jan wuta a kanta, gwargwadon raguwar ƙarfin da ke isa ƙarshenta. Wanda ke zaune a Tsafe ko Bungudu, ko a unguwar da gidaje suka yi wa taransifoma yawa, ya fi kowa sanin wannan. A 2024 kaɗai babban layin wutar ƙasa ya durƙushe fiye da sau 10, kuma a ƙarshen Oktoban shekarar yawancin Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar layukan Shiroro zuwa Kaduna da na Ugwuaji zuwa Apir. To amma ɗauke wuta ba shi ne ke kashe kwamfuta ba. Abin da ke kashe ta shi ne irin wutar da ake kawowa, da yadda take dawowa, da kuma abin da muke maye gurbinta da shi.

Bari mu fara da rabin wuta, wadda ta fi addabar mu da almuru, lokacin da kowane gida ya kunna fanka da firji da talabijin, ƙwan lantarki ya yi ja kamar garwashi. Kwamfutar da ke bukatar wat 600 ba za ta rage bukatarta don wuta ta yi rauni ba. Abin da ke faruwa shi ne fawa-fak ya ƙara yawan abin da yake zuƙa domin cike giɓin. A kan bolt 230, zai ja kimanin amfiya 2.6; idan wutar ta sauka zuwa bolt 150, sai ya ja amfiya 4. Ƙarin nan kuwa zafi yake zama a cikinsa. Saboda haka abu na farko da nake roƙon mai saye ya duba, tun kafin ya kalli babbar lambar da aka rangaɗa a jikin kwali, shi ne ɗan ƙaramin rubutun da ke jikin akwatin mai nuna irin wutar da yake karɓa. Idan ya ga an rubuta 100 zuwa 240, to an ƙera shi ne domin ya yi aiki har a ƙasashen da wutarsu ba ta wuce bolt 100 ko 120 ba, irin su Japan da Amurka, don haka rabin wutarmu ba za ta razana shi ba. Idan kuwa ya ga 200 zuwa 240 kawai, kamar yadda ake yi wa da yawa daga cikin masu araha da ake ƙerawa don kasuwannin Turai da Asiya, to ya ajiye shi, ko da an rubuta wat 1,000 a jikinsa. Irin wannan, da zarar wuta ta faɗi ƙasa da haddinsa, ko dai ya riƙa kashe kansa ana tsakiyar aiki, ko kuma ya yi ta wahala har ya mutu.

Akwai kuma tsofaffin da ke zuwa cikin kayan gwanjo masu ɗan jan makunni a baya, an rubuta 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen. Wanda aka kwaso daga Amurka yakan zo a kan 115, kuma idan aka jona shi a haka, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi. Ban da wannan haɗari, kasancewar makunnin ma kansa shaida ce cewa tsohon yayi ne, bai dace da kwamfutar zamani mai ƙarfi ba.

Kishiyar rabin wuta ita ce wutar da ta wuce ƙima, kuma ita ce ta fi muni. Taransifomar unguwa layi uku take fitarwa da waya ta huɗu da masu gyaran wuta ke kira nutural. Tsakanin kowane layi da nutural bolt 230 ne, amma tsakanin layi da layi kimanin bolt 400 ne. Ranar da wayar nutural ta tsinke, ko ta saki, ko ɓarayin waya suka yi awon gaba da ita, sai wasu gidaje su samu wuta mara ƙarfi, wasu kuma ta taso musu da ƙarfin da ya doshi 400. Haka ma kuskure wajen canja layi, al'adar nan tamu ta zare fis daga wannan layi a mayar wancan idan ɗaya ya ɗauke, yana iya jawo irin wannan. Na ga abin da idona a gidan wani ɗan'uwana a Tudun Wada, a daren da irin haka ta faru: ƙwayaye suka fashe, cajojin waya suka narke, kwamfutar da ɗansa ya yi shekara biyu yana tara kuɗinta ta mutu. Abin lura a nan shi ne, da aka kai ta wurin mai gyara, fawa-fak ɗin kaɗai ya ƙone. Katin hoto da babban allo da faifan ajiya duk sun tsira, domin akwatin na kirki ne, ya mutu shi kaɗai bai bar wutar ta tsallaka ciki ba. Wannan shi ne ainihin abin da mutum ke biya idan ya sayi mai tsada. Nagari yana da matakan kariya da ke yanke wuta idan ta yi yawa, ko ta yi kaɗan, ko wayoyi suka haɗu, ko zafi ya wuce iyaka. Na banza kuwa an rage waɗannan don a rage farashi, in zai tafi sai ya tafi da maƙwabtansa.

Duk da haka babu fawa-fak ɗin da aka ƙera don ya jure bolt 400. Dole ne a sa masa mai gadi a gaba, wato na'urar nan da ke yanke wuta da kanta idan ta hau ko ta sauka fiye da ƙima, ta kuma jira na ɗan lokaci bayan an dawo da wuta kafin ta saki, irin wadda kamfanin Sollatek ya yi suna da ita a jikin firji da na'urar sanyaya ɗaki. Jiran nan yana da muhimmanci, domin daƙiƙoƙin farko na dawowar wuta su ne mafi hatsari. Abin mamaki, za ka tarar mutum ya sa wa firjinsa wannan kariya, amma kwamfutar da ta ninka firjin kuɗi sau da yawa tana jone a jikin ekistenshan mai siririyar waya tare da dutsen guga. Sitabilaiza ma tana da amfani, sai dai a sani cewa mai yin ƙas-ƙas ɗin nan tana daidaita wuta ne mataki-mataki, kuma ƙarfin da aka rubuta a jikinta yana raguwa sosai idan wutar da ke shigarta ta yi ƙasa.

Daga nan sai batun inbata da UPS, wanda a ganina nan ne aka fi tafka asara cikin rashin sani. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, gidaje da ofisoshi da dama a Gusau sun koma sola da batir. To kowane fawa-fak yana da manyan kafasita da ke riƙe wuta na ɗan ƙiftawar ido bayan an ɗauke. Tsohuwar ƙa'idar kamfanin Intel ta ce ya riƙe na kimanin kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa, sabuwar ta 2023 kuma ta sassauta zuwa 12 idan yana ɗauke da cikakken kaya. A cikin wannan ɗan taƙi ne inbata za ta karɓi aiki. Yawancin inbatocin sola suna da tsari biyu: na kayan gida, wanda sauyinsa kan ɗauki kusan kashi 20, da na kwamfuta, mai ɗaukar kusan kashi 10. Mai karatu ya ga inda gizo ke saƙar. Idan aka bar ta a tsarin kayan gida, fitila da fanka ba za su nuna komai ba, amma kwamfuta za ta mutu ta sake tashi, aikin da ba a adana ba ya tafi. Sai a yi ta zargin kwamfutar, alhali danna maɓalli ɗaya ne maganin.

Haka nan ba kowace inbata ce ke fitar da wuta mai santsi irin ta bango ba. Masu araha suna fitar da mai kama da matakala, kuma fawa-fak na zamani, musamman idan ya ɗauki kaya, yakan yi ƙugi a kanta ko ya kashe kansa. A nemi wadda aka tabbatar tana ba da tsantsar wuta. A kuma kula da cewa lambar VA da ke jikin UPS ba wat ba ce: ƙaramar nan mai 650 da ta cika ofisoshinmu ba ta ɗaukar abin da ya kai wat 400. Ƙaramin janareton nan kuwa da mutanen Kudu suka laƙaba wa suna "na fi maƙwabcina", ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, wutarsa hawa da sauka take yi, balle lokacin da mai ya kusa ƙarewa ya fara shaƙewa. Ban ga dalilin da zai sa a jona masa kwamfutar miliyoyi kai tsaye ba.

Sai zafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafin Gusau kan kai digiri 40, wani lokaci ya haura, cikin ɗaki mai rufin kwano kuwa sai wanda ya zauna. Kamfanonin kirki sukan bayyana cewa akwatinsu zai ba da cikakken ƙarfinsa a zafin digiri 50, wasu 40. Masu araha kuwa a kan 30 ko 25 suke auna nasu, in ma sun faɗa. Wato wat 750 ɗin da aka auna a ɗaki mai sanyi ba lallai ya cika 750 a bazarar Zamfara ba. Akwai kuma ƙa'idar da injiniyoyi suka sani, cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage kusan rabin rayuwar kafasita, shi ya sa ake fifita waɗanda aka yi wa ma'aunin digiri 105 a kan masu 85. Wasu sababbin samfura suna da tsarin tsayar da fanka don kada ta yi ƙara, suna da maɓallinsa a baya. Wannan ado ne na ƙasashen sanyi; a nan a bar fanka ta yi ta juyawa. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe ragar iska, sai a riƙa hure ta da abin busa iska daga waje, kada a ɗora gidan kwamfutar a kan kafet, kuma kada a kuskura a kwance akwatin, domin kafasitar ciki na iya riƙe kusan bolt 400 bayan an zare waya.

Yanzu ne muka iso kan tambayar wat nawa, kuma lissafinta ba shi da wuya. Katin RTX 4070 yana cin wat 200, kamfaninsa ya ba da shawarar fawa-fak mai 650. RTX 4090 yana cin 450, shawarar ita ce 850. RTX 5090 yana cin 575, ana so a ba shi 1,000. A haɗa da na furosesa, wanda a manyan samfuran Intel irin su i9-14900K yake kaiwa wat 253, a ƙara kamar 70 na sauran tarkace, sa'annan a bar sarari na kusan kashi ɗaya cikin uku saboda zafinmu. Sararin yana da wani dalilin: manyan katunan nan sukan yi fizgar wuta ta farat ɗaya da ta ninka cinsu na yau da kullum, abin da ya sa ƙa'idar ATX 3.0 ta 2022 ta wajabta wa manyan akwatuna jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan taƙin da bai kai ƙiftawar ido ba. Duk mai sayen sabon babban kati, ya nemi mai ɗauke da ATX 3.0 ko 3.1. Amma sayen mai 1,600 don kwamfutar da ba ta cin 400 almubazzaranci ne, ba ya ƙara mata gudu ko na sisin kwabo.

A kula da wayar da ke shiga katin. Sabon mahaɗin nan mai ƙananan ramuka yana ɗaukar har wat 600, wato amfiya 50 ta cikin wayoyi shida. Tun a 2022 aka riƙa samun rahoton narkewarsa a jikin RTX 4090, galibi inda ba a cusa shi ya zauna daram ba. An gyara fasalinsa a 2023, amma an sake jin irin wannan koke da RTX 5090 a 2025. A tura shi har sai ya yi ƙas, kada a lanƙwasa shi daf da bakinsa. Kada kuma a ɗauki wayar wani fawa-fak a jona a wani don an ga bakinsu ya yi daidai, domin tsarin ramukan ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma wannan ganganci ya hallaka faifan ajiya masu yawa.

Tambarin 80 Plus da 'yan kasuwa ke tinƙaho da shi, mai matakan tagulla da azurfa da zinariya zuwa sama, ya samo asali ne a 2004, kuma babban abin da yake aunawa shi ne yawan wutar da ba ta salwanta ba. Kwamfuta mai bukatar wat 500 za ta ja 625 daga bango idan ingancin akwatin kashi 80 ne, ta ja kimanin 556 idan kashi 90 ne. Ga mai aiki awa biyar kullum, bambancin bai wuce yunit 10 da ɗoriya a wata ba, wato ƙasa da naira 2,500 ko da a farashin naira 225 da aka sanya wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024. Inda ya fi tasiri shi ne a kan batir da zafin ɗaki. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, idan ba a so a kashe shi da wuri, rabinsa ake sha, wanda bai fi awa biyu ba ga kwamfuta mai jan wat 600. Don haka ina goyon bayan mai zinariya, sai dai tambarin ba shaidar aminci ba ne, kuma a ɗaki mai sanyin kusan digiri 23 ake yin gwajinsa. Ko sunan kamfani ma bai wadatar ba: a 2021 masu gwaji sun nuna yadda wasu samfura biyu na Gigabyte, P750GM da P850GM, masu tambarin zinariya, ke fashewa, har kamfanin ya buɗe ƙofar musanya su. Samfuri ake bincika, a ga abin da masu gwaji masu zaman kansu irin su Cybenetics suka samu a kansa.

Na jabu kuwa lissafi ne ke tona musu asiri. Kusan duk ƙarfin kwamfutar zamani daga layin bolt 12 yake fitowa, don haka a duba amfiyar da aka rubuta a ƙarƙashinsa a ninka da 12. Akwatin da ke iƙirarin wat 800 amma aka rubuta amfiya 30 a wurin, ƙarfinsa na gaskiya 360 ne. A nagari, sakamakon kan yi kusan daidai da lambar da ke jikin kwali.

Wani abin da nake faɗa wa matasa, ko da yake ba sa son ji, shi ne a nan wuta ce ya kamata ta zaɓi kwamfuta. Wanda inbatarsa da batirinsa ba za su ɗauki wat 800 ba, katin wat 200 da zai yi aiki dare da rana ya fi masa na wat 575 da zai zama kayan kallo. Ga wasu ma laftof mai ƙarfi ta fi dacewa, tunda tana tafe da batirinta.

Saura garanti. Kamfanoni irin su Seasonic da Corsair suna ba da shekara 10 ko fiye a kan manyan samfuransu, kuma hakan alama ce ta yadda suka amince da abin da suka ƙera. To amma takardar ba ta da amfani ga mutumin Gusau idan babu wanda zai karɓi kayan a cikin ƙasa. Yawancin irin waɗannan kaya daga Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja ake aiko su, kuma mayar da su ta hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Don haka a yi magana da mai shago a fili tun kafin a biya: wata nawa ya ɗauka a wuyansa, kuma a rubuta a rasit tare da lambar akwatin. Na gwanjo kuwa, tunda ba a ganin tsufan kafasita daga waje, in ya zama dole, a jona shi a jikin cikakkiyar kwamfuta a shagon, a kunna wasa mai nauyi na awa guda da tsakar rana, a saurari fankarsa, a kuma sa hannu a ji iskar da ke fitowa ta baya.